Daga Katako: Abin Da Muka Aro Da Abin Da Muka Baro

A makon jiya ina zaune a rumfar wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Katako, a nan Jos, ana ta awon masara da acca, sai ga jikansa ya dawo rai a ɓace. Ashe ya je neman takardar shaidar asali ne, wadda yara ke kira indijin, domin neman shiga babbar makaranta, aka ce masa ya nufi garin kakanninsa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ku da kuke karatun takardu, ku gaya mini. A garin nan aka yanke mini cibiya, a nan na binne mahaifina wanda ya zo aikin kuza tun zamanin Turawa. Yaron nan bai taɓa kwana a Kano ba. Shin wa ya rubuta wannan doka, kuma yaushe aka tambaye mu?" Na ce, "Baba, tambayarka guda biyu ce, kuma amsarta sai mun je nesa mun dawo."

Nesan kuwa ita ce Amurka, domin daga can muka aro irin mulkin da muke yi na shugaba mai cikakken iko. A watan Mayu na 1787 wakilan jihohin Amurka suka hallara a birnin Filadelfiya, saboda yarjejeniyar da ta haɗa jihohin nan 13 bayan sun rabu da Ingila ta kasa. Gwamnatin tsakiya ko haraji ba ta da ikon ɗora wa kowa. Wakilai 55 ne suka halarta, George Washington na shugabanta, suka rufe ƙofa suka yi ta muhawara kusan wata huɗu. Manyan jihohi suka ce a raba kujerun majalisa bisa yawan jama'a, ƙanana suka ce allambaran sai dai daidai wa daida. Daga ƙarshe aka raba gardama da majalisa biyu: ta wakilai bisa yawan mutane, ta dattawa kuwa kowace jiha mutum biyu. Ran 17 ga Satumba, mutum 39 suka sa hannu.

To, a nan ne darasin farko yake. Sa hannun nan bai mai da takardar doka ba. An sharɗanta cewa sai jihohi 9 daga cikin 13 sun yarda, kuma kowace jiha sai ta zaɓi wakilai musamman don wannan aiki. Aka yi ta fafatawa a jaridu da dandali. Hamilton da Madison da Jay kaɗai sun rubuta maƙala 85 suna kare tsarin, masu suka kuma ba su yi shiru ba. A jihar Niyok da ƙuri'a 30 aka rinjayi 27. Jiha ta tara ta amince a watan Yuni na 1788, ta ƙarshe kuwa, Rhode Island, sai a 1790. Masu sukar ma ba su tashi a tutar babu ba, gama matsin da suka yi ne ya haifi gyare-gyare goma na kare haƙƙin mutum, waɗanda aka tabbatar a 1791.

Amma kada mai karatu ya zaci waliyyai ne suka yi wannan aiki. Ba a tambayi mata ba, ba a tambayi bayi ba. Wajen rabon kujeru sai aka ce a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku, kuma tambayar nan ta wane ne ɗan ƙasa aka tsallake ta, don kada taro ya watse. Abin da aka binne da rai kuwa ba ya kwanciya. A 1857 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa baƙar fata jikan bayi ba ɗan ƙasa ba ne. Daga 1861 zuwa 1865 aka gwabza yaƙin basasa wanda ya ci rayuka fiye da 600,000. Sai a 1868 suka yi gyara na 14, wanda ya ce wanda aka haifa a ƙasar, ko aka ba shi 'yancin zama ɗanta, ɗan ƙasa ne, kuma ɗan jihar da yake zaune a ciki ne. Wannan shi ne darasi na biyu, kuma da jini suka saye shi.

Mu dawo gida. A watan Oktoba na 1975 marigayi Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki a Ikko, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Mutum 50 aka naɗa, Cif Awolowo ya ƙi shiga, suka zama 49. Suka miƙa daftari a 1976, Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Segun Osoba kuma suka fitar da nasu rahoton na daban. A watan Oktoba na 1977 aka buɗe Majalisar Tsara Mulki, Mai Shari'a Udo Udoma na shugabanta, yawancin wakilanta kuwa ta hannun majalisun ƙananan hukumomi aka zaɓo su. A cikinsu akwai Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, da kuma Solomon Lar wanda ya zama Gwamnan Jihar Filato a 1979. An yi muhawara ta gaske, har a watan Afrilu na 1978 wakilai Musulmi da dama suka fice a kan batun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, kafin a lallashe su su dawo.

Duk da haka, da aka gama, ba a kai takardar jihohi don jama'a su ce e ko a'a ba. Majalisar Ƙoli ta Soja a ƙarƙashin Janar Obasanjo ce ta karɓa, ta yi nata ƙare-ƙaren, ciki har da dokar mallakar ƙasa ta 1978, sa'an nan ta zartar da dokar soja. Tsarin ya fara aiki ran 1 ga Oktoba, 1979, soja suka jingine shi ran 31 ga Disamba, 1983. Wanda muke kai yanzu, na 1999, ɗan wancan ne, shi ma gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta zartar da shi, alhali kuwa da sunan jama'a aka buɗe shi. Hausawa dai sun ce ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Ita kuwa tambayar dattijon Katako, ga inda ta samo tushe. Don gudun kada wani ɓangare ya danne saura, tsarin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai daidai tsakanin sassan ƙasa, niyya kuwa mai kyau ce ga ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa. Ya ce lalle a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Tsarin 1999 ya maimaita haka a sashe na 147, ya kuma danganta zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni, ba da wurin haihuwa ko zama ba. Sa'an nan a sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Amma bai fayyace wace al'umma ce 'yar asali ba, ko shekara nawa baƙo zai yi ya zama ɗan gari. Aka bar wa ƙananan hukumomi su yanke, kowace da son ranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu mutanen Jos mun san kuɗin wannan tsaguwa. Bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, an yi rikici a 1994, da Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010. Musulmi da Kirista sun binne 'ya'yansu, kuma garin da aka sani da zaman lafiya ya rabu unguwa-unguwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka mu faɗi gaskiya ko da ta taɓa mu. Tsoron da Birom da Anaguta da Afizare ke yi, na kada a wayi gari ba su da ta cewa a ƙasar kakanninsu, tsoro ne na gaske, kuma ba zai gushe don mun yi fushi ba. Kana mu tambayi kanmu: ɗan Filato ko ɗan Inyamuri da aka haifa a Sabon Garin Kano ko Zariya, mu muna ba shi takardar? In muna neman a yi wa jikan mai hatsi adalci a Jos, to, dole mu yarda a yi wa jikan wani a Kano da Katsina da Sakkwato. Doka ɗaya za a yi wa ƙasa duka, tare da kāriya ga sarautu da gonakin ƙananan ƙabilu.

Hanyar gyara tana nan a buɗe: kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. An bi ta a 2010 da 2023 aka gyara wasu sassa, amma wannan batu kullum sai a kewaye shi. Shawarata ga wakilanmu ita ce su daina kewaye, su kuma kawo maganar cikin harsunan jama'a, a yi ta a masallaci da coci da kasuwa, kafin a ɗaga hannu a Abuja. Amurkawa sun jira shekara 81 da yaƙi kafin su amsa. Mu kam mun riga mun biya isasshe.

Da na gama bayani, dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To, Malam, Allah ya sa yaron nan ya ga ranar." Na ce amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.