Man Makadamiya Da Lafiyar Zuciya

Zancenmu na kimiyya yau a kan wani mai ne da a ke kira man makadamiya. Waɗanda ke zaune a Ingila ko Amurka ko Saudiyya mai yiwuwa kun taɓa ganinsa a manyan kantuna, cikin 'yar ƙaramar kwalba, garai-garai, launinsa rawaya-rawaya, kuɗinsa kuwa ya ninka na man gyada sau da yawa. Masu tallarsa suna cewa yana tsare zuciya, yana gyara jini, har ma yana rage ƙiba. Ni a ganina man nan mai kyau ne ƙwarai, amma wanda aljihunsa bai kai gare shi ba bai yi asarar kome ba wajen lafiyarsa. Ga dalilaina.

Mu fara da itacen kansa. Asalinsa daga kurmin gabashin Ostareliya ne, a jihohin Kwinslan da Niyu Sawus Wels. Mutanen ƙasar na asali sun daɗe suna cin 'ya'yansa tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1857 wani masanin tsire-tsire, Ferdinand von Mueller, ya raɗa masa suna don girmama abokinsa, Dokta John Macadam. Wajen 1880 da 'yan kai aka kai irinsa tsibirin Hawayi, inda aka fara noma shi sosai don ciniki. Yanzu Afirka ta Kudu da Ostareliya da Sin da Kenya suna cikin manyan masu noma shi. A Kenya yawanci ƙananan manoma ne ke shuka shi a gonakinsu tare da kofi.

Ƙwayar fara ce, mulmulalliya, ta ɗan fi gujiya girma, tana cikin ɓawo mai taurin gaske, wanda haƙori ba ya fasa shi sai guduma ko inji. Itacen ya kan yi shekara 5 zuwa 7 kafin ya soma 'ya'ya na kirki, kuma idan an fasa, ƙwayar ba ta wuce sulusin nauyin abin da aka fasa ba. Wannan shi ya kawo tsada. Watau kuɗin da mai saye ya ke biya na wahalar manomi ne da jiran shekaru da nisan hanya. Tsadar ba ta nuna yawan amfanin man ga jiki.

To, mene ne a cikin man? Kashi 75 cikin 100 na ƙwayar, ko kusa da haka, mai ne zalla. Domin a gane bambancinsa da sauran mai, sai mu san cewa masana sun raba maiƙo gida uku bisa ga ƙirar ƙwayoyinsa, waɗanda ido ba ya gani. Na farko miƙaƙƙe ne kamar kara. Shi ya sa ƙwayoyinsa su kan jeru su matse, har man ya daskare in ya sha sanyi, kamar kitsen nama da man shanu. Na biyu yana da lanƙwasa ɗaya, na uku kuwa lanƙwasa biyu ko fiye. Masu lanƙwasa ba sa jeruwa sosai, saboda haka su kan zauna ruwa-ruwa. Kowane mai da mu ke ci gauraye ne na ukun nan, yawan kowanne ne ya bambanta.

A man makadamiya, wajen kashi 80 cikin 100 mai lanƙwasa ɗaya ne, irin wanda ya yi yawa a man zaitun. Mai daskarewa wajen kashi 15 ne, mai lanƙwasa da yawa kuwa bai kai kashi 5 ba. Man shanu, mai daskarewa a cikinsa ya fi kashi 60, man ja kuwa kusan rabi.

Dalilin da ya sa likitoci su ka damu da wannan rabo shi ne wani abu mai kama da kakin zuma da ke yawo cikin jini, wanda a ke kira kwalastarol. Jiki yana bukatarsa, amma akwai wani irinsa da idan ya yi yawa ya kan taru a bangon jijiyoyin jini, hanya ta ƙuntata, har wata rana ta toshe. In jijiyar zuciya ce, ciwon zuciya ya auku. In ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar jiki. A shekarar 1958 wani masani na Jami'ar Minesota a Amurka, Ancel Keys, ya soma wani babban bincike a ƙasashe 7. Aka tarar mutanen gabashin Finlan, masu yawan cin man shanu, ciwon zuciya ya yi musu yawa, mutanen tsibirin Kirit a ƙasar Girka kuwa, waɗanda man zaitun ne abin girkinsu, da wuya ya kama su, alhali su ma suna cin mai sosai. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya tabbatar da cewa idan mutum ya rage mai daskarewa ya sa mai lanƙwasa a madadinsa, mugun kwalastarol ya kan sauka.

Ku riƙe kalmar nan, madadi, domin a kanta zancen duka ya rataya. A shekarar 2008 masana na Jami'ar Jihar Pensilbaniya su ka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki mutum 25 masu ɗan yawan kwalastarol, su ka ba su abinci mai ɗauke da giram 42 na ƙwayar makadamiya kullum har mako 5. Mugun kwalastarol ɗinsu ya sauka da wajen kashi 9 cikin 100. Amma fa ba a ƙara musu yawan mai a abinci ba, an cire mai daskarewa ne an sa ƙwayar a gurbinsa. A 2017 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin fakiti cewa cin wannan adadi kullum mai yiwuwa ya rage hatsarin ciwon zuciya. Sai dai ta ɗora sharaɗi, kada cin nan ya ƙara wa mutum yawan abin da ya ke ci, ta kuma ce shaidar tana goyon baya amma ba ta kai ta yanke hukunci ba. Har wa yau, gwajin da iznin duka a kan ƙwaya su ke. Idan an matse mai, dusa da furotin da yawancin sauran abubuwan gina jiki su kan zauna cikin tunkuza.

Masu talla su kan yi ta yabon wani kashi na man nan da su ke kira omega 7, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin 100, kuma da wuya a same shi da yawa a wani mai na tsiro. Gaskiya ne akwai shi. Amma a 1994 Paul Nestel da abokan aikinsa a Ostareliya sun gwada shi a kan mutane, su ka ga bai sauke mugun kwalastarol kamar yadda irin na man zaitun ya ke yi ba. Batun rage ƙiba kuwa, lissafi ya ƙaryata shi. Kowane mai a duniya, giram ɗaya yana ba da kalori 9, babban cokali ɗaya wajen 120. Wanda ya riƙa shan cokali biyu da safe da sunan magani, bai rage tuwo ba bai rage nama ba, jiki zai ƙara.

Yanzu mu gwama shi da man gyada, wanda yawancinmu mu ka tashi da shi, kuma a ke samunsa a Kumasi da Garwa da Njamena da Omdurman ba tare da wahala ba. Mai daskarewa a cikinsa wajen kashi 17 ne, watau kusan daidai da na makadamiya. Kusan rabinsa mai lanƙwasa ɗaya ne, sulusinsa kuwa mai lanƙwasa da yawa. Wannan na ƙarshe jiki bai iya yin sa da kansa ba, tilas sai daga abinci, kuma shi ya fi kowanne ƙarfi wajen sauke mugun kwalastarol. A nan man gyada da man riɗi sun fi na makadamiya nesa. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kyan kwalba da baƙon suna ba sa shiga jijiya.

Kada a ce na rage wa man makadamiya haƙƙinsa. A wajen girki yana da fifiko guda biyu na gaskiya. Na ɗaya, yana daɗewa bai lalace ba. Iska ta kan kama mai ne a wurin lanƙwasar nan, ta sa ya sake wari da ɗanɗano, shi kuwa masu lanƙwasa da yawa kaɗan ne a cikinsa. Na biyu, yana jure wuta, ba ya soma hayaƙi da ƙauri sai zafi ya kai wajen digiri 210 a ma'aunin Salsiyas, alhali suya ta yau da kullum ba ta wuce 170 zuwa 190 ba. Ga shi kuma da ɗanɗano mai laushi, kamar an gauraya man shanu da gyada.

Saboda haka wanda ya saya, ya yi amfani da shi inda ɗanɗanonsa zai fito. Ya zuba kaɗan a kwaɗon zogale ko latas da tumatir, ko a kan wake da shinkafa, ko ɗan wake. Ya soya ƙwai ko kifi da cokali ɗaya. Masu gashin burodi da kek su sa shi a maimakon man shanu, a nan ne ma zuciya za ta fi amfana. Cika kasko da shi don tuyar ƙosai kuwa ɓarnar kuɗi ce, gama tataccen man gyada ya kan jure zafi har wajen digiri 230. A ajiye kwalbar a rufe, nesa da rana da murhu. Wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan ƙwayoyi, yana ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi in ya ci, ya nisanci man ma.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan shi ne halin da 'yan'uwanmu da yawa su ke ciki a ƙasashen waje. Zama ya yi yawa, tafiyar ƙafa ta ragu, nama da soye-soye sun yi araha, hawan jini da ciwon sukari suna ƙaruwa. Mutum ya ji tsoro, sai ya nemi abu mai tsada ya saya, hankalinsa ya kwanta, wani ma har ya yi sakaci da maganin da likita ya ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa. Wannan ana iya cim masa da abin da ke cikin ɗakin girkinmu yau. A yanke kitse daga jikin nama kafin a dafa, a rage man shanu a kan tuwo, a auna mai da cokali maimakon a kwarara, kada kuma a yi ta maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi. Man ja ma ba a yar da shi ba, domin yana ba da bitamin A mai amfani ga ido, sai dai a sa shi da awo.

Wanda ya yi waɗannan, kuma yana da hali, ya sayi man makadamiya don daɗin baki, babu laifi. Wanda ba shi da hali ya riƙe man gyadarsa, kuɗin kuwa ya sayi ganye da wake da kifi, ya je a auna jininsa ko da sau ɗaya ne a shekara.