Sirrin majinyaci amana ne

Muna goyon bayan adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, yadda likita a Kano zai ga abin da aka rubuta a Kaduna. Amma bai kamata kowane ma'aikacin asibiti ya iya buɗe fayil ɗin mutum ba. Matar da aka fallasa cewa tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau tana iya rasa aurenta, gobe kuma wata ta ƙi zuwa gwaji.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun haramta tona irin wannan sirri, saura aiwatarwa. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta tilasta wa asibitoci adana sunan duk wanda ya buɗe fayil, a kuma hukunta mai leƙen abin da bai shafi aikinsa ba.