Fagen Wasanni: Shekarar Da Baƙaƙe Biyar Suka Ɗauki Kofi

A kakar ƙwallon kwando ta 1965 zuwa 1966, samarin Kwalejin Texas Western ta Amurka sun yi wasa 29, sau ɗaya tak aka cinye su. Ran 19 ga Maris, 1966, suka kara da Jami'ar Kentucky a wasan ƙarshe na kofin jami'o'i. Mai koyar da su, Don Haskins, ya fara wasan da baƙaƙen fata biyar, abin da ba a taɓa yi ba a irin wannan karo. 'Yan Kentucky kuwa duk farare ne. Aka tashi Texas Western na da 72, Kentucky 65. Gani ya kori ji: a 1969 Kentucky ma ta ɗauki ɗan wasanta baƙar fata na farko.