Shugabancin Aikin Sa Kai Na Armeniyawa Mazauna Ƙetare

Ƙasar Armeniya, wadda ke maƙwabtaka da Turkiyya da Iran da Jojiya da Azabaijan, mutanenta kimanin miliyan 3 ne. Amma Armeniyawan da ke zaune a Rasha da Amurka da Faransa da Labanan da sauran ƙasashe sun fi na gida yawa nesa ba kusa ba. Asalin wannan watsuwa shi ne kisan gillar da aka yi musu a tsohuwar daular Turkawa tun daga shekarar 1915, wanda ƙasashe da dama suka amince cewa kisan ƙare dangi ne, ko da yake gwamnatin Turkiyya ba ta yarda da wannan suna ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 kuma, talauci da rashin aikin yi suka sake korar wasu dubbai.

Matsalar da ta daɗe tana damun dattawan wannan al'umma ita ce ta jikoki. Yaro ya tashi a Los Anjalas ko Marsai yana ɗauke da sunan kakansa, yana cin abincin gargajiya ranar biki, amma bai taɓa taka ƙasar ba. In ma yana jin harshen, sau da yawa karin yamma ne yake ji, alhali kuwa karin gabas ake yi a Yerevan, babban birnin ƙasar. Irin wannan yaro yana iya aika gudummawa in an yi wani bala'i, kamar yadda iyayensa suka yi bayan girgizar ƙasa ta Disamba 1988 wadda ta hallaka mutum wajen 25,000, amma aika kuɗi dabam, sanin mutane dabam.

Domin toshe wannan giɓi ne Edele Hovnanian ta kafa ƙungiyar Birthright Armenia a shekarar 2003. Ita 'yar Hirair Hovnanian ce, attajirin magini na jihar New Jersey, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Majalisar Armeniyawan Amurka a 1972, ya kuma rasu a 2021. Ƙungiyar ba ta neman riba, kuma ba ta gwamnati ba ce. Linda Yepoyan ta yi shekaru masu yawa tana riƙe da muƙamin babbar darakta, sa'an nan a 2006 Sevan Kabakian ya bar aikinsa na injiniya a Amurka ya koma Yerevan domin ya ja ragamar ofishin da ke can.

Abin da ya cancanci yabo ga waɗannan shugabanni shi ne ba su zaɓi hanya mai sauƙi ba. A lokacin akwai misali a gabansu, watau shirin da aka fara a 1999 na kai matasan Yahudawa ziyarar kwana 10 kyauta a Isra'ila. Da sun ga dama da sun kwaikwayi wannan, su cika motoci da matasa, a zaga da su tsofaffin majami'u, a ɗauki hotuna, kowa ya koma inda ya fito, rahoton ƙarshen shekara kuma ya cika da manyan alƙaluma masu faranta wa masu ba da kuɗi rai. Maimakon haka sai suka gindaya sharuɗɗa. Wanda zai shiga shirin sai ya kasance tsakanin shekara 21 da 32, ya yi kimanin wata biyu a ƙalla, yana aiki awa 30 a mako a makaranta ko asibiti ko kamfani ko wata ƙungiya, a ƙarƙashin 'yan ƙasa. Ana sauke shi a gidan wani iyali, ana koya masa harshe, kuma kuɗin jirgin da za a mayar masa ya dangana ga yadda ya cika alkawarin zamansa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Su waɗannan shugabanni sun ƙara da cewa ƙafar ma sai ta zauna ta yi aiki.

Haka nan sun lura da cewa in aka bar baƙo da son ransa, a babban birni zai tare. Saboda haka suka riƙa tura masu aikin sa kai zuwa Gyumri, birni na biyu a girma, wanda girgizar ƙasar 1988 ta ragargaza. Waɗanda suka wuce shekarun da aka ƙayyade, ko waɗanda ba su da jinin Armeniyawa, akwai 'yar'uwar ƙungiyar, Armenian Volunteer Corps, wadda aka kafa a 2000, ita ke karɓarsu.

To, amma yabo ba ya hana faɗin gaskiya. Kaso mai tsoka na ƙarfin wannan shiri ya rataya ne a wuyan iyali ɗaya da gidauniyarsu. Wannan ya ba shugabannin damar yanke shawara ba tare da jan ƙafa ba, ya kuma tsare su daga rigingimun tsofaffin jam'iyyun siyasa da suka daɗe suna raba kan Armeniyawan ƙetare. Sai dai duk ƙungiyar da ta tsaya a kan aljihun gida ɗaya da himmar mutum biyu ko uku, ba a san ƙarfinta ba tukuna sai ranar da waɗannan mutane suka gaji ko suka kau. Shekara fiye da 20 ke nan da kafa ta. Waɗanda suka fara zuwa aikin sa kai a farkon shirin yanzu magidanta ne, waɗansunsu ma sun tare a Armeniya gaba ɗaya. Lalle ne a riƙa ba irin waɗannan kujeru masu iko a hukumar gudanarwa, tare da 'yan ƙasa da suka sauke baƙin a gidajensu da ma'aikatunsu, domin su ne suka san ko aikin baƙon ya amfane su ko kuwa ɗawainiya ce kawai aka ƙara musu.

Batun amana kuwa ba abin wasa ba ne a wannan al'umma. A watan Yuli na 2018 aka kama babban daraktan asusun Hayastan, wanda aka kafa a 1992 domin tattara gudummawar Armeniyawan duniya, bisa zargin yin caca ta intanet da kuɗin asusun. Wannan asusu dabam ne, babu abin da ya haɗa shi da ƙungiyar masu aikin sa kai. Amma mai ba da sadaka a Baris ko Bairut ba ya tsayawa rarrabewa. In ya ji an ci amana a wuri guda sai ya ɗaure bakin jakarsa ga kowa. Dokar Amurka ta wajabta wa ƙungiyoyin da ba sa neman riba su bayyana lissafinsu kowace shekara, sai dai takardar da lauyoyi da akantoci kaɗai ke iya karantawa ba ta isa ta kwantar da hankalin talaka ba.

Ita ma gwamnatin Armeniya ta shiga wannan fage. A 2019 ta rushe Ma'aikatar Harkokin Mazauna Ƙetare ta maye gurbinta da ofishin babban kwamishina, sa'an nan a 2020 ta fara shirin iGorts mai ɗaukar ƙwararru daga ƙetare su yi aikin shekara guda a ma'aikatun gwamnati. Wannan abu ne mai kyau, muddin ba a mai da ƙungiyoyi masu zaman kansu reshen wata ma'aikata ba, domin gwamnati tana canjawa, ra'ayinta game da mazauna ƙetare kuma yana canjawa tare da ita.

Akwai kuma tambayar wane ne ke iya zuwa. Barin aiki na wata biyu ba tare da albashi ba abu ne mai sauƙi ga ɗan mai hali daga Kalifoniya, amma da wuya ga saurayi daga Halab da yaƙin Siriya ya ɗaiɗaita, ko daga Labanan inda tattalin arziki ya durƙushe tun 2019. Ga shi kuma a watan Satumba na 2023 Armeniyawa fiye da 100,000 suka tsere daga Nagorno-Karabak suka kwararo cikin Armeniya a cikin 'yan kwanaki, suna buƙatar malamai da likitoci da masu ba su shawarar shari'a. Ya kamata hukumar gudanarwar ƙungiyar ta ware tallafi na musamman ga matasan Siriya da Labanan, ta kuma fifita tura masu aikin sa kai zuwa lardunan da 'yan gudun hijirar suka sauka, ko da hakan zai rage yawan sunayen da za su bayyana a rahotonta na shekara.