Jarfar da aka yi nadamarta: a kankare ko a rufe?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Bayan sallar Juma'a, wani saurayi ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da mu ya naɗe hannun rigarsa. A damtsensa akwai sunan wata yarinya da baƙar tawada, an rubuta masa da injin zanen jiki lokacin da yake ci-rani a Legas. Yanzu ya dawo gida yana noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, kuma an sa ranar aurensa da wata daban. Abokansa sun ba shi shawara biyu: ko ya ɗiga wa wurin ruwan batir ya cinye rubutun, ko ya koma birni a zana masa wani hoto a kai ya ɓatar da sunan. Muka ce masa dukkansu biyun ba mafita ba ne.

Asalin hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud da Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, hadisan da suka ƙunshi la'ana a kan mai yin jarfa da mai neman a yi mata, kuma malamai sun ce namiji ma ya shiga ciki. Saboda haka, rufe tsohon zane da sabo, ƙara laifi ne a kan laifi, ko da sunan Allah za a rubuta a wurin. Wannan ma ya fi muni, domin da wannan jikin mutum zai shiga bayan gida.

Kankarewa ita ce ke buƙatar dogon nazari. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana ra'ayin Shafi'awa cewa wurin jarfa najasa ne saboda jinin da ya cuɗe da tawada, don haka cirewa wajibi ce idan za ta yiwu, sai fa in ana tsoron lalacewar gaɓa ko mummunan tabo, a nan tuba ta wadatar. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, Shehu Nafarawi, a Fawakihud Dawani, sharhin Risala da almajiranmu suka saba da ita, ya ce ba a tilasta wa mai jarfa ya cire ta da wuta, tana cikin abin da aka yi rangwame a kansa, kuma sallarsa ta inganta. Alwala ma babu matsala: tawadar tana ƙarƙashin fatar sama, ruwa yana isa inda aka umarta ya isa.

To, in shari'a ba ta tilasta maka wuta ba, wa ya aike ka ga ruwan batir, ko dutsen guga, ko reza? Waɗannan suna ƙona fatar sama ne, sau da yawa tawadar tana nan daram a ƙasa. Mu baƙaƙen fata kuma jikinmu yana saurin yin tabo mai tudu, wanda yakan ci gaba da girma yana ƙaiƙayi shekara da shekaru. Ga haɗarin kamuwa da ciwon hanta ta hanyar aska ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita. Cutar da kai haramun ce, ko da an yi ta da niyyar tuba.

Hanyar da likitoci ke bi ita ce hasken leza, wanda ke farfasa tawadar ƙanana-ƙanana har jiki ya kwashe ta a hankali. Ba zama ɗaya ake yi ba, ana komawa sau da dama da tazarar makonni, yana cin kuɗi, kuma yakan bar wurin da haske fiye da sauran fata. Wanda Allah Ya hore wa, ya fara da ganin likitan fata a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mun fi ƙarfafa wannan ga wanda zanensa gicciye ne, ko batsa, ko alamar ƙungiyar asiri. Amma ba mu ga dalilin da zai sa manomi ya sayar da gonar gado don wannan ba. Ya tuba, ya rufe wurin da tufa, rigar mai dogon hannu ta ishe shi.

A nan sai mu ja kunnen wasu ɗalibai masu zafin kai, waɗanda kan dawo daga makaranta su tayar wa kakanninsu hankali saboda jarfar fuska ko tsagar gado da wanzami ya yi musu tun suna goye. Wanda aka yi wa abu kafin ya balaga babu alhaki a kansa. Tsohuwa ta shekara saba'in tana sallah da jarfarta, ba ta buƙatar fatawar jikanta. Abin da ke wuyanmu shi ne kada a yi wa jarirai na yanzu, kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana hakan.

Saurayin nan ya sake tambaya ko dole ne ya gaya wa amaryar. Muka ce sunan da ke rubuce a damtse ba ya ɓoyuwa ga matar aure, gara ta ji daga bakinsa kafin a ɗaura, a gaban wani babba da su biyun ke jin nauyinsa. Wallahu a'alam.