Jinin al'ada da filin wasa: abin da ƴan matan Gaya ke buƙata kafin jarrabawar motsa jiki

A duk shekara, kafin ɗaliban kwaleji su zauna rubuta BEPC, sai sun bi ta filin wasa domin jarrabawar motsa jiki. A nan Gaya, kamar sauran garuruwan jihar Dosso, akwai tambayar da kunya ta hana mu yi a fili: yarinyar da ranar gudu ta same ta cikin al'ada, yaya za ta yi?

Mu fara da abin da likitoci suka sani. Zagayen al'ada yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35, jinin kuma ya yi kwana 3 zuwa 7. A kwanakin farko sinadaran jikin mace suna ƙasa, shi ya sa wasu ke fama da ciwon mara da kasala. Bayan fitar ƙwai kuma zafin jiki yana ɗan hawa, kusan rabin digiri. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, wannan ba abin rainawa ba ne.

To, al'ada tana rage ƙarfi ke nan? Wani nazari da ya fito a mujallar Sports Medicine a 2020, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano raguwar ƴar kaɗan ce, a kwanakin farko, kuma ta bambanta daga mace zuwa mace. Haka kuma an ga cewa motsa jiki a kai a kai yana sassauta ciwon mara. Kun ga ashe "je ki zauna a inuwa" ba magani ba ne ga kowa. Ƙungiyar matan Chelsea ta Ingila ma, a 2020 ta bayyana cewa tana tsara horon ƴan wasanta gwargwadon zagayen kowacce.

Matsalarmu a nan ta fi ƙarfin sinadarai. Kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Yarinyar da jininta ya yi ƙasa, ga zazzaɓin sauro, ga zubar jini duk wata, ai dole ta yi haki tun zagayen farko. Haka abin yake ga iyayenmu mata da ke ɗaukar kaya zuwa bakin kogi su shiga kwalekwale zuwa Malanville tun da aka rufe gada a 2023, ko masu zuwa kasuwar Kamba. Su ba su da ranar hutu.

Sai kuma tsoron kunyata. Idan makaranta ba ta da makewayi mai ƙofa da ruwa, yarinya kuma ba ta da audugar mata, ba za ta yi tsalle gaban maza ba. Ta gwammace ta rasa maki.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. A yi jarrabawar da sassafe. A sa malama guda da yarinya za ta iya raɗa wa halin da take ciki, a ba mai ciwo wata rana. A gida a yawaita zogale, wake, hanta da kifin kogi, a jinkirta shayi bayan abinci, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Wadda jininta ke wuce mako, ko ciwo ke kwantar da ita, ko al'adar ta ɗauke wata uku, a kai ta asibiti.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara, kada mu jira bikin 28 ga Mayu na tsaftar al'ada. A zauna kan wannan magana kafin a fitar da ranakun jarrabawa.