Kafin ka zuba kuɗin wata bakwai a sabuwar kyamara

Cikin saƙonnin da suka shigo mini bayan rubutun makon jiya akwai na wani ɗalibi da ke karatu a Alƙahira. Ya ce yana ɗan taɓa ɗaukar hoto a bukukuwa da walimar kammala karatu don ya samu na cefane. Matsalarsa ita ce da zarar an tashi rawa, ko yara sun fara guje-guje a zaure, sai hotunan su fito dishi-dishi, hannun mutum ya koma kamar fiffike. Wani ya ce masa kyamararsa ce ba ta da sauri, tunda iyakarta 1/4000 na sakan, ya nemi mai 1/8000. Wata bakwai ke nan yana tara kuɗi, saura ƙiris su cika. Tambayarsa ɗaya ce: wacce zai saya?

Ƙanena, kada ka saya. Aƙalla ba yanzu ba. Ramin da kake shirin faɗawa na riga ka shiga, kuma na san zurfinsa.

Shekarun baya wata Hajiya a nan Manchester ta ba ni aikin bikin 'yarta. Zauren haya ne mai dogon rufi, an rage fitilu, sai masu launin ja da shuɗi suna ta juyi. Na bar kyamara ta zaɓar wa kanta komai, ita kuwa ta tsaya a 1/60, na ɗaga ISO har 3200 don in ga ɗakin ya yi haske. A ƙaramin allon kyamara komai lafiya lau. Sai da aka fara liƙi na ƙara girman wani hoto, na ga kowace fuska tana da inuwa ta biyu manne da ita, takardun kuɗin da ke yawo a sama sun zama jirwaye. Hankalina ya tashi. Na cilla saurin kyamara zuwa 1/2000, filasha ta shiga wani yanayi da zan yi bayaninsa a gaba, haskenta ya ragu, batura suka yi zafi, tana ɗaukar sakan da yawa kafin ta sake cika. Lokacin da amarya da mahaifiyarta suka rungumi juna suna kuka, ni ina tsaye ina jiran 'yar fitilar filasha ta kama. Da na kai hotunan Hajiya ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗana, wannan duk mutanen ne suka yi motsi, ko kai ne?" Na mayar da rabin kuɗin. Biki kuwa ba a maimaita shi.

Abin da ban gane ba a daren shi ne, a wuri mai duhu ba ƙyauren kyamara ne ke tsayar da motsi ba. Ina nufin wancan marufin da ke buɗewa ya rufe idan ka danna, wanda ake auna saurinsa da 1/60 ko 1/4000. Tuna daren damina a gida, an ɗauke wuta, hadari ya haɗu, kana tsaye a bakin ƙofa. Idonka a buɗe yake tun ɗazu, ba ka ganin komai. Walƙiya na yi sai ka ga bishiyar da iska ke kaɗawa ta tsaya cak. Idon bai ƙara sauri ba. Hasken ne ya zo ya wuce kafin bishiyar ta gusa.

Da wannan dabarar aka fara tun kafin a haifi kakanninmu. A 1851 wani Bature ɗan Ingila, William Henry Fox Talbot, ya manna takarda mai rubutu a jikin faifai, aka juya shi da ƙarfi a ɗaki mai duhu, ya buɗe kyamara, aka saki tartsatsin lantarki guda ɗaya. Rubutun ya fito ana iya karantawa. Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Harold Edgerton, malamin injiniyan lantarki a jami'ar MIT da ke Amurka, wanda ya rasu a 1990. Tun farko injinan da ke juyawa yake son gani suna cikin aiki, hoto daga baya ya biyo. Watakila ka taɓa cin karo da hotonsa na 1957, ɗigon madara da ya fantsama ya yi siffar kambin sarauta, ko na 1964 inda harsashi ya huda tuffa ya fito ta ɗaya gefen. Harsashin nan yana tafiyar kusan mita 850 a sakan. Yi lissafi da kanka: cikin 1/8000 na sakan, wato saurin kyamarar da kake tara wa kuɗi, ya yi tafiyar sama da santimita 10, ya wuce faɗin tuffar. Edgerton ya kashe fitilun ɗaki ne, ya bar kyamara a buɗe, ya saki haske da tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba.

To, yaya filashar da ake ɗorawa a kan kyamara take aiki? A cikinta akwai ma'ajiyar wuta da batura ke cikawa har ta kai kusan bolt 300, da ɗan bututun gilashi mai iskar zenon. Idan ka danna, wutar ta kwarara ta cikin bututun, ya haska. Ga inda daɗin yake: idan ka rage ƙarfin irin wannan filasha, ba dushe hasken take yi ba, katse shi take yi da wuri. Kamar famfo ne mai ƙarfi ɗaya, bambancin kawai tsawon lokacin da ka bar shi a buɗe. Littafin da ke zuwa da Nikon SB-900, misali, ya nuna a cikakken ƙarfi hasken yana ɗaukar 1/880 na sakan, a 1/16 na ƙarfi ya koma 1/10,000, a 1/128 kuwa 1/38,500. Tsohuwar filasha ce, amma ka ga ta ninka saurin ƙyaure mai 1/8000 sau huɗu da wani abu. Masu araha irin su Godox TT600 da Yongnuo YN560 ma a kan wannan tsarin suke.

Mu kawo shi zauren biki. A ce hannun mai rawa yana tafiyar mita 5 a sakan. A 1/200 zai gusa santimita biyu da rabi, wannan shi ne fiffiken da kake gani. A 1/10,000 rabin milimita ne, ido ba zai kama ba.

Amma akwai sharaɗi, kuma nan ne na faɗi a bikin Hajiya. Duk hoton filasha hoto biyu ne a haɗe: wanda filasha ta zana cikin ƙiftawa, da wanda fitilun ɗaki suka zana tsawon lokacin da ƙyaure yake buɗe. Idan na biyun ya yi ƙarfi, shi ne inuwar da ke manne da fuska. Gwajin mai sauƙi ne. Ka mayar da kyamara kan M, ka sa 1/200, f/5.6, ISO 400, ka kashe filasha ka ɗauki hoto. Idan ya fito kusan baƙi, hanya ta buɗe. Sai ka kunna filasha ita ma a M, ka fara da 1/8 ko 1/16. In hasken bai isa ba, kada hannunka ya yi saurin zuwa ISO, domin ɗaga shi yana ƙara hasken filasha da na ɗaki ne tare, inuwar tana nan. Matso da filashar kusa. Duk lokacin da ka rage nisa da rabi, hasken da ke sauka a kan mutum ya ninka sau huɗu, ba ka biya ko sisi ba.

Zan faɗi gaskiya, hoton da mutane suka fito tas amma bayansu baƙi ƙirin ba ya burge iyayen amarya. Sun kashe kuɗi a kwalliyar zaure, suna son 'yan uwa a gida su gani a WhatsApp. Abin da nake yi yanzu shi ne in kafa filasha ta biyu a kan sanda a wani lungu, tana haska bango da kwalliyar, ta tashi tare da ta hannuna ta hanyar ɗan rediyon da ake ɗaurawa a kan kyamara. Filasha biyu, sanda da rediyo ba su kai kusa da kuɗin sabuwar kyamara ba. Wani lokaci kuma da gangan nake barin ɗan jirwaye don a ji rawar a hoton. A nan sai in sa filasha ta tashi a ƙarshen buɗewar ƙyaure maimakon farko, yadda jirwayen zai biyo bayan mai motsi. In ba haka ba sai ka ga kamar mutum da baya yake tafiya.

Me ya sa na ce 1/200 ba 1/2000 ba? Ƙyauren yawancin kyamarori labule biyu ne, na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. Har zuwa 1/200 ko 1/250 akwai ɗan lokacin da fuskar da ke kama hoto take buɗe gaba ɗaya, nan filasha ke tashi. Da ka wuce haka, labule na biyu yana fara rufewa tun na farko bai gama buɗewa ba, sai ya zama 'yar tsaga ce ke ratsawa. Filasha ta tashi sau ɗaya, tsagar kawai za ta haska, sauran hoton baƙi. Maganin da kamfanoni suka kawo shi ne HSS, inda filasha ke ta ƙyafƙyaftawa da sauri har tsagar ta gama wucewa. Sunan yana ruɗar mutane, suna zaton shi ne na tsayar da motsi. Alhali ya mayar da walƙiya fitilar tebur ne, yawancin hasken yana ƙarewa a jikin labule. Amfaninsa a rana tsaka ne, in kana son haska fuskar ango a waje kuma bayansa ya yi laushi. A zaure mai duhu batura kawai yake ci, kamar yadda ya ci nawa.

In ka tashi sayen filasha, musamman manyan na situdiyo, duba yadda aka rubuta tsawon hasken. Akwai t0.5 akwai t0.1. Na farko yana ƙirga lokacin da hasken ya fi rabin ƙarfinsa ne kawai, ya bar jelar da ke biyo baya, kuma jelar tana fitowa a hoto. Na biyu ya fi kusa da gaskiya, sau da yawa ya kai ninki uku na na farko. Sannan wasu tsofaffin fitilun situdiyo akasin ƙananan suke, in ka rage ƙarfi hasken ƙara tsawo yake. Mai sayar da na hannu ba lallai ya gaya maka ba.

Ban ce 1/8000 ba shi da amfani ba. A fili da rana, inda filasha ba ta iya gogayya da hasken Allah, ƙyaure ne ke aikin. Sai dai ƙwallon da ɗalibai ke bugawa ranar Juma'a da yamma 1/1000 ko 1/2000 ya ishe ta, kuma kyamararka tana da su tuni. Wayar hannu kuwa fitilarta LED ce, tocila ce kawai, shi ya sa ba ta tsayar da komai. Nokia N8 ta 2010 tana da filashar zenon ta gaske, amma kamfanonin waya sun bar wannan hanyar.

Ga aikin gida. Da dare ka kashe fitilar ɗaki, ka kafa kyamara a kan ƙafa uku ko tarin littattafai, ka saita ta a kan bakin kofi tun da haske, ka kashe saitin da take yi da kanta. Sa ƙyaure ya zauna a buɗe sakan 2, f/11, ISO 200. Riƙe filasha a gefe kamar taku ɗaya daga kofin, a 1/64. Abokin ɗakinka ya saki ƙanƙara ko yankan lemo cikin ruwan, kai kuma ka danna maɓallin gwaji na filasha da hannu. Cikin ashirin watakila biyu su yi kyau, kuma ka shimfiɗa leda, kada mai gida ya riƙe kuɗin ajiyarka saboda kafet. Masu son fasa balan-balan sukan yi amfani da na'urar da ke tayar da filasha da jin ƙara, irin ta MIOPS, ko su haɗa tasu da Arduino. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, saboda haka duk santimita 34 da ka ja makirufo baya ka jinkirta hasken da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Da tef ɗin awo kake zaɓar ko balan-balan ta fara tsagewa ko ta gama.

Gargaɗi biyu. Kada ka kwance filasha da sukundireba don ka ga cikinta, ma'ajiyar nan tana riƙe wuta ko an cire batura, kuma tana iya yi maka mummunan lahani. Irin fitilar harsashin Edgerton kuwa dubban bolt take aiki da su, kisa take yi, ba ta ɗakin ɗalibi ba ce. Na biyu, in ka sayi mai batirin litiyom kuma za ka je gida hutu, baturan da ba a jikin na'ura suke ba a jakar hannu ake sa su, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba.

Ƙanena na Alƙahira, ka gwada na kofin a wannan makon ka turo mini, tare da lambobin da ka saita. In ya fito dishi-dishi a 1/64, to ƙofa ko taga ce ke shigo da haske, ka rataya bargo ka sake.